Wankin Kafet Mai Dauɗa a Otal, Mashaya da Zauren Biki: Wace Hanya Za a Zaɓa?

Duk wanda ke kula da otal, gidan abinci, zauren biki ko babban ofis ya san lokacin da kafet ke fin ƙarfin masu shara na yau da kullum. Da farko wani baƙin layi ne zai tashi daga bakin ƙofa ya bi hanyar da jama'a ke takawa har zuwa wurin ɗibar abinci, daga nan takalmi ya fara maƙalewa yana ƙara idan an ɗaga ƙafa, sannan wani tsami ya riƙa tarbar mutum da safe kafin a buɗe tagogi. A wannan matakin ake neman masu wanki, kuma a nan ruɗani ke farawa, domin mutum uku za su duba wuri ɗaya su yanka kuɗi uku masu nisa da juna, kowannensu yana ba da tabbacin cewa kafet zai koma kamar sabo. Yawanci bambancin kuɗin yana fitowa ne daga bambancin hanyar da kowa zai bi, mai wuri kuma ba kasafai ake yi masa bayanin hanyar ba.

Masu wannan sana'a a Ingila sun daɗe suna ɗaukar kafet ɗin mashaya a matsayin gwajin gwani. Giya da lemo masu sukari suna zuba a kansa kowane dare, maiƙon kicin yana biyo tafin takalman ma'aikata, kuma kafin dokar hana shan taba a cikin wuraren taruwar jama'a ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2007, baƙin hayaƙin taba ma yana kwantawa a kai. Da yawa daga cikin mashayun suna shimfiɗa saƙaƙƙen kafet irin wanda ake kira Axminster, sunan garin da Thomas Whitty ya fara saƙa shi a 1755, wanda a yau ake yawan yi da ulu kashi 80 da nailan kashi 20, ga zane mai yawan launi da ke ɓoye datti har sai ya taru ya yi ɓawo. Zaurukan bikinmu na Kano da Kaduna da Abuja suna fama da irin wannan matsala da kayan da suka bambanta: zoɓo, manja, maiƙon dafa-duka, cingam, tofin goro, ga ƙurar hunturu da ke shigowa ta kowace kafa. Asalin cutar dai ɗaya ce, wato abu mai danƙo ya kama yashi da ƙura, dubban ƙafafu kuma su danna shi cikin gindin zare.

Abubuwan da ya kamata a auna kafin a zaɓa

Ma'auni na farko, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne ko hanyar tana fitar da datti daga cikin ginin ko tana gyara fuskar kafet ne kawai. Dattin kafet iri biyu ne. Akwai busasshe, wato yashi da ƙura da gashi da ɓurɓushin abinci, wanda shi ne mafi yawa idan aka auna nauyi, kuma shi ne ke yanka zare a hankali kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi. Akwai kuma mai danƙo, wato sukari da maiƙo da ragowar sabulun wankin baya. Busasshen datti injin zuƙe ƙura ne maganinsa, idan kuwa aka jiƙa shi kafin a zuƙe, ya zama taɓo, aikin ya ninka. Mai danƙo sai an narkar da shi, an kwance shi daga zare, sannan an kwashe. Duk hanyar da za a duba a ƙasa, tambayar ita ce ina dattin ya tafi bayan an gama.

Na biyu shi ne irin zaren kafet da abin da aka yi bayansa da shi. Ulu yana ɓoye datti kuma yana wankuwa da kyau, amma ba ya jure sinadari mai ƙarfin kanwa, ruwa mai tsananin zafi yana iya sakin launinsa, bilic kuwa narkar da shi yake yi. Nailan ya fi juriya, ko da yake shi ma ba a so sinadarin ya wuce 10 a ma'aunin pH, wato ma'aunin ƙarfin tsami da kanwa. Folifurofilin, wanda zan riƙa kira zaren roba, shi ne ya fi yawa a kafet masu araha. Ba ya shan ruwa, launinsa ba ya zuba, amma yana son mai ƙwarai, kuma idan ya kwanta ba ya sake tashi. Ana iya gane su ba tare da na'ura ba. A tsinko zare kaɗan daga wani lungu a kusanta shi da wuta: ulu zai yi ƙaurin gashi ya zama toka mai murtsukuwa, nailan da zaren roba kuwa narkewa za su yi su dunƙule. Idan aka nutsar da zaren a kofin ruwa mai ɗigon sabulu, na roba zai taso sama, nailan ya nutse. Bayan kafet ma yana da muhimmanci, domin saƙaƙƙen kafet da aka yi wa baya da zare irin na buhun algarara yana tsukewa idan ya jiƙe sharkaf, har ya ɓalle daga gefen bango, kuma yakan turo wani launin ƙasa-ƙasa zuwa saman zare yayin bushewa.

Na uku shi ne lokacin bushewa, wanda a wurin kasuwanci kuɗi ne tsagwaronsa. Zauren da aka kama don ɗaurin aure ranar Juma'a ba zai yiwu a jiƙa shi daren Alhamis ba. Akwai kuma batun lafiya, domin funfuna tana iya fara fitowa a abin da ya zauna da laima tsawon awa 24 zuwa 48. A nan yanayinmu yana shiga lissafi sosai: kafet ɗin da zai bushe cikin rabin yini a watan Janairu, lokacin da iska ba ta ɗauke da ɗanshi, zai iya kwana biyu yana laima a tsakiyar Agusta.

Sauran ma'aunai su ne ainihin kuɗin da za a kashe, da tsawon lokacin da tsabtar za ta ɗauka kafin datti ya dawo, da ƙwarewar da aikin ke buƙata, da haɗarin ɓata kafet. Game da kuɗi, farashi yana sauyawa daga gari zuwa gari kuma yana bin canjin dala, saboda haka abin da ya fi amfani shi ne a nemi kowane ɗan kwangila ya faɗi kuɗinsa a kan murabba'in mita ɗaya, sannan a tambaye shi wa zai ɗauki nauyin ruwa, da man janareta, da kwashe kujeru. Zaure mai tsawon mita 25 da faɗin mita 20 murabba'in mita 500 ke nan, kuma ƙaramin bambanci a kan kowace mita yana zama babban kuɗi a irin wannan fili.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ke taimakawa wajen fahimtar dukan hanyoyin. A 1959 wani masanin haɗa sinadarai na kamfanin Henkel a Jamus, Herbert Sinner, ya bayyana cewa kowane wanki yana tsaye ne a kan abu huɗu: sinadari, zafi, gurzawa da lokaci. Idan ɗaya ya ragu, dole sauran su ƙaru su cike gurbinsa. Matar da ke jiƙa kayan wanki ta bar su su kwana kafin ta cuɗa ta san wannan ƙa'ida tun kafin a rubuta ta. Wanda ba shi da ruwan zafi saboda rashin wuta zai iya cike giɓin da gurzawa mai kyau da barin sinadari ya jima, ba sai ya ninka ƙarfin sinadarin har ya ci zare ba.

Wankin kumfa da buroshi

Wannan ita ce hanyar da aka fi sani a wurarenmu, ko dai da hannu, a kawo bokiti da omo da buroshi a durƙusa, ko da inji mai faifai ɗaya da ke juyawa sau 150 zuwa 175 a minti yana tayar da kumfar shamfu. Arha gare ta, kayan aikinta suna ko'ina, kuma wajen gurzawa babu hanyar da ta fi ta. A ranar da aka gama, kafet yakan yi haske da ƙamshi, musamman da yake omo yana ɗauke da sinadarin da ke sa kaya ƙyalli a ido.

Matsalarta ita ce rashin ɗauraya. Kayan sawa idan an cuɗa su ana ɗauraye su sau biyu ko uku a matse, amma kafet ɗin da aka manne da gam a ƙasa ba ya matsuwa, don haka sabulu da dattin da ya narkar suna gangarawa gindin zare su bushe a can. Busasshen sabulu yana da danƙo, kuma yana kama ƙura fiye da zaren da ba a taɓa wankewa ba, shi ya sa ake yawan jin masu wuri suna cewa tun da aka wanke kafet ɗin ya fi saurin yin datti. Gaskiya suka faɗa. Ƙari a kan haka, omo yana da ƙarfin kanwa da ke busar da ulu ya sa shi kaushi, ruwan bokiti kuma ba shi da ma'auni, sai ya ratsa har ƙasan siminti ya kwance gam. Inda wannan hanya ke da amfani na gaske shi ne a kan darduma ko kafet ɗin da za a iya naɗewa a fitar waje, a shimfiɗa a kan siminti mai gangara, a wanke, a ɗauraye da tiyo har ruwan ya fito garau, a rataye ya tsane. Haka kuma injin buroshin yana da babban matsayi idan an ɗauke shi a matsayin matakin farko na hanyar da ke biye.

Feshi da zuƙa

Masu sana'a suna kiranta wankin sitim, ko da yake ruwan zafi ake amfani da shi, tururin da ake gani ɗan kaɗan ne. Inji yana fesa ruwa da ƙarfi cikin zare, a lokaci guda kuma bakinsa yana zuƙo ruwan tare da datti zuwa wani tanki daban. Ita kaɗai ce a cikin hanyoyin nan ke ɗauraye kafet yana shimfiɗe a wurinsa, kuma mai wuri zai iya leƙa tankin ya ga baƙin ruwan da ya fito da idonsa. Manyan masana'antun kafet na Amurka, irin su Shaw, ita suke ba da shawarar a bi idan ana son wanki mai zurfi.

Sai dai inji kaɗai ba ya wanke kafet ɗin da ya yi ɓawo, kuma a nan ne mafi yawan aikin da ake biya da tsada ke lalacewa. Aikin da ya cika yana da jeri. A fara zuƙe busasshen datti a hankali, a tsaye da a kwance, ko da zai ci awa guda. A kankare cingam da daskararren abinci. A fesa sinadarin da ya dace da zaren, mai ɗan ƙarfi da ke narkar da maiƙo idan nailan ne ko zaren roba, mai sauƙi idan ulu ne. Ƙungiyar WoolSafe ta Birtaniya tana gwada sinadarai tana sa tambarinta a kan waɗanda ba sa cutar da ulu, kuma wannan tambari abin nema ne a jikin galan. Daga nan a gurza da injin buroshi, a bar sinadarin ya yi kamar minti 10 zuwa 15 ba tare da ya bushe ba, sannan a zo da injin feshi a ɗauraye da ruwa zalla ko ruwa mai ɗan tsami da zai kashe ragowar kanwa. Bayan kowace tafiya ta feshi a sake bi sau ɗaya ko biyu da zuƙa kaɗai. A ƙarshe a kunna fankoki masu hura iska a ƙasa. Ɗan kwangilar da ya zo ya zuba sabulu a tankin inji ya fara feshi kai tsaye ya tsallake rabin aikin, kuma abin da zai bari bai fi wankin bokiti da yawa ba.

Injinan iri uku ne. Akwai ƙanana irin Kärcher Puzzi da Numatic George, waɗanda suka dace da kujeru, ɗakunan otal da goge abin da ya zube nan take, amma wanke babban zaure da su aiki ne na kwanaki, kuma ƙarfin zuƙarsu ba ya fitar da ruwa yadda ake so. Akwai matsakaita na ƙwararru masu injin zuƙa biyu ko uku da na'urar ɗumama ruwa, irin waɗanda Prochem ke yi, kuma su ne suka fi dacewa da yawancin wurarenmu, sai dai suna cin wuta sosai, na'urar ɗumama ruwan kaɗai tana iya jan kilowat 3, don haka ƙaramin janareta ba zai ɗauke su ba. Sannan akwai manya da ake girkawa a cikin mota, masu injin kansu, a ja dogayen tiyo zuwa cikin gini. Waɗannan sun fi zafi da ƙarfin zuƙa da saurin aiki, amma tsadarsu ta sa ba kowa ke iya mallakarsu ba.

Kuɗin wannan hanya ya fi na yawancin sauran wanki, tana cin ruwa mai yawa wanda a wasu unguwanni sai an sayi tanka ko an kira 'yan garuwa, kuma bushewa tana ɗaukar awa 4 zuwa 12 gwargwadon inji, gwanintar mai aiki da yanayi. Haɗarinta duka yana tattare da yawan jiƙawa: tsukewar saƙaƙƙen kafet, warin laima, da dawowar tabo. Wannan na ƙarshe ya fi faruwa a zaren roba, inda tabon da ya ɓace da yamma zai sake bayyana da safe, domin ruwa yana hawa zare yayin bushewa kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, ya ɗauko dattin gindi ya ajiye a sama. Maganinsa zuƙa mai kyau da bushewa da sauri. A kuma tuna a sa leda a ƙarƙashin ƙafafun kujerun ƙarfe da na katako don kada tsatsa ko fenti ya sauka a jiƙaƙƙen kafet, a ɗage wayoyin wuta daga ƙasa, a zubar da ruwan dattin a sokawe maimakon kwatar titi. Idan an yi ta daidai, ita ce tsabtarta ta fi daɗewa, saboda babu danƙon da aka bari.

Gogar faifan tsumma

Ana kiranta bonet. Inji mai faifai ɗaya ne, sai a sa masa kauri-kaurin tsumma mai shan ruwa a maimakon buroshi, a fesa sinadari kaɗan, tsumman ya riƙa juyawa yana kwasar dattin sama, idan ya yi baƙi a juya shi ko a sauya. Tana da sauri da arha, kafet yana bushewa cikin awa guda, shi ya sa otal-otal ke son ta a barandar ɗakuna. Amma saman zare kawai take taɓawa, kuma a kan kafet mai maiƙo tana shafa dattin ne ta baje shi ko'ina ya yi launi ɗaya, wanda ido ke ɗauka tsabta ce. Tana iya warware bakin zare a kafet mai gashi, kuma idan tsumman ya bushe zafin gogayya yana iya ƙona zaren roba ya bar zagayayyen tabo na dindindin, dalilin da ya sa wasu masana'antun ba sa amincewa da ita. Ba zan ba wanda kafet ɗinsa ya yi dauɗa shawarar ya biya kuɗinta ita kaɗai ba.

Daskarar da datti

Wannan hanya ta yaɗu ne daga shekarun 1990. Ana fesa wani sinadari mai ɗauke da folima, wato wani abu dangin roba, a gurza shi da inji mai buroshi biyu da ke juyawa suna fuskantar juna. Yayin da sinadarin ke bushewa, sai ya kewaye ƙwayoyin datti ya daskare ya zama kamar garin gishiri marar danƙo, wanda injin zuƙe ƙura zai riƙa kwashewa a kwanakin da ke biye. Ruwan da take ci kaɗan ne, wutar da take ja kaɗan ce, mutum ɗaya yana iya gama babban fili cikin 'yan awoyi, a kuma taka kafet bayan kamar awa guda. Tun da ba ta barin danƙo, datti ba ya saurin dawowa, kuma ba ta tayar da tsohon tabo daga gindi.

Iyakarta biyu ce. Ta farko, idan maiƙo da sukari sun yi yawa, sun fi ƙarfin abin da folimar za ta iya kewayewa, sai a ga sama ta yi kyau ƙasa tana nan yadda take. Ta biyu, rabin aikin yana hannun mai shara na gobe da jibi. Wurin da ake share kafet da tsintsiya, babu injin zuƙa mai ƙarfi, dattin da aka daskarar yana nan a cikin ginin. A kan kafet ɗin ofis da banki da zauren taro mai gajeren zare, ita ce mafi kyawun hanyar riƙe tsabta tsakanin babban wanki da babban wanki.

Wankin gari

Ana barbaɗa wani gari mai ɗan laima, wanda aka yi da ɓurɓushin tsiro mai shan ruwa kamar soso aka jiƙa shi da sabulu kaɗan, a cusa shi cikin zare da injin buroshi, a jira ya sha datti, sannan a zuƙe. Fitaccen suna a wannan fanni shi ne HOST na Amurka. Kafet kusan ba ya jiƙewa, ana iya taka shi ana cikin aikin, kuma ita ce mafi aminci ga saƙaƙƙen ulu mai tsukewa da shimfiɗar zaren tsiro da ruwa ke ɓatawa. Garin daga waje ake shigo da shi, kafet mai dauɗa kuma yana cin buhuna da yawa, don haka tsadarta tana hawa daidai da yawan dattin. Ba ta fitar da fitsari, amai ko lemon da ya ratsa ƙasa.

Sauya kafet

Wani lokaci wanki asarar kuɗi ne. Idan hanyar da ake takawa ta yi fari-fari saboda yashi ya kankare zare, babu sabulun da zai dawo da launin, domin zaren ne ya ji rauni. Haka nan idan fuskar kafet ta rabu da bayansa tana kumbura, ko bayan ya ruɓe yana yagewa a hannu, ko ruwan kwata ya taɓa malalowa a kansa. A irin wannan hali gara a kashe kuɗin a kan sabo, kuma ina ganin wuraren cin abinci su duba kafet mai falle-falle, wanda kowane falle yake da santimita 50 a kowane gefe, domin idan manja ya zube falle biyu za a ɗaga a sauya. A gaban teburin ɗibar abinci, gaban kantar mashaya da bakin ƙofar kicin kuwa, tayil ya fi kafet dacewa ko da na mita ɗaya ko biyu ne.

| Hanya | Fitar da datti | Bushewa | Kuɗi | Ɗorewar tsabta | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Kumfa da buroshi | Kaɗan, sai an ɗauraye | Yini ko fiye | Arha | Gajere | Ragowar sabulu, yawan jiƙawa |
| Feshi da zuƙa | Sosai | Awa 4 zuwa 12 | Tsada | Dogo | Tsukewa, laima, dawowar tabo |
| Faifan tsumma | Sama kawai | Awa 1 | Arha | Gajere | Baje datti, ƙona zare |
| Daskarar da datti | Matsakaici | Awa 1 | Matsakaici | Mai kyau idan ana zuƙa | Gazawa a kan maiƙo |
| Wankin gari | Matsakaici | Kusan babu jira | Tsada | Matsakaici | Ragowar gari a gindin zare |
| Sauyawa | Gaba ɗaya | Babu | Mafi tsada | Shekaru | Rufe wuri lokacin aiki |

Kowace hanya aka zaɓa, akwai tabon da sai an bi shi shi kaɗai. Zoɓo, shayi, kofi, goro da giya dangi ɗaya ne, sinadari mai ɗan tsami suke so, kuma mai ƙarfin kanwa yana iya juya launinsu ya ƙara kama su. Duk wanda ya ga yadda zoɓo ke sauya launi idan kanwa ta taɓa shi zai gane dalili. Kurkum da ke cikin kori yana komawa ja idan ya haɗu da kanwa. Jini, madara da ƙwai da ruwan sanyi ake fara musu, domin zafi dafa su yake yi a jikin zare. Manja kuwa a fara kwashe shi da cokali da busasshen tsumma kafin a kawo mai narkar da maiƙo. A riƙa gwada kowane sinadari a wani ɓoyayyen lungu da farin ƙyalle, kuma kada a taɓa haɗa bilic da wani abin wanki mai tsami ko mai amoniya, domin iskar da ke tashi guba ce, musamman a zauren da aka rufe tagoginsa.

Wace ta dace da wa

Zauren biki, gidan abinci ko mashayar da kafet ɗinta ya riga ya yi danƙo ba shi da mafita sai feshi da zuƙa cikakke, tare da gurzawar buroshi kafin ɗauraya, kuma mai yiwuwa hanyoyin da aka fi takawa su buƙaci a maimaita. A sa aikin a ranar Lahadi da dare ko Litinin don a sami sararin bushewa, a kuma fi son yin babban wankin shekara a lokacin rani, ɗaya bayan ƙurar hunturu ta lafa, ɗaya bayan damina ta ɗauke. Kafin a biya kafin alƙalami, a nemi ɗan kwangila ya wanke murabba'in mita ɗaya a wuri mafi muni, a dawo a duba shi bayan kwana biyu ya bushe, domin jiƙaƙƙen kafet kowanne yana da kyau a ido.

Otal mai baƙi dare da rana ya haɗa biyu: daskarar da datti a baranda da wurin karɓar baƙi kowane wata ko biyu, feshi da zuƙa hawa-hawa a lokacin da baƙi suka yi ƙaranci, da ƙaramin inji guda a hannun ma'aikata don abin da ya zube. Ofis da banki, inda dattin yawanci ƙura ce, injin zuƙa mai kyau da doguwar tabarmar goge ƙafa a bakin ƙofa za su rage musu rabin wahala, daskarar da datti ta ishe su a yawancin shekara, babban wanki kuma sau ɗaya. Wanda ke da saƙaƙƙen ulu mai tsada ya nemi wanda ya san ulu, ya bi feshi mai ƙarancin ruwa ko wankin gari, kada ya bari omo ya kusance shi.

Masallaci yana da ƙarin sharaɗi da sauran wurare ba su da shi. A mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa, hukuncin najasa yana gushewa ne da ruwa tsarkakakke wanda wani abu bai jirkita shi ba, saboda haka wankin gari ko daskarar da datti, ko da sun gusar da tabo da wari, ba su wadatar ba a inda fitsarin yaro ya zuba. Feshi da zuƙa da ruwa zalla a tanki, a maimaita har ruwan da ke dawowa ya fito garau, shi ya fi kusa da abin da ake buƙata, idan kuma shimfiɗun masu naɗuwa ne a fitar da su a ɗauraye da tiyo.

Batun sayen inji ko kiran ɗan kwangila ya danganta da yawan aiki. Wurin da ke karɓar biki kowane mako zai ci ribar mallakar injin zuƙe ƙura mai ƙarfi, injin buroshi da ƙaramin injin feshi, muddin an ware mutum ɗaya an koya masa, an kuma tabbatar ana samun kayan gyaran injin a kusa. Babban wanki na sau biyu a shekara a bar wa mai babban inji, a rubuta matakan aikin ɗaya bayan ɗaya a takardar yarjejeniya, sannan a riƙe wani kaso na kuɗin har sai kafet ya bushe an taka shi an duba.